Kwamfutar Tace Bidiyo da Hoto a Kuɗi Kaɗan: Gwanjon Ofis, Laftof, Haɗin Hannu ko Mac mini?

Da zarar lokacin bukukuwa ya kankama, bayan ƙaramar Sallah ko ƙarshen shekara, sai wani ƙani ya turo mini hoton laftof daga kasuwar Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja, a ƙasa ya rubuta: "Yaya, wannan za ta yi editin? i7 ce." Amsar da nake ba su ba ta cika yi musu daɗi ba, domin tambayoyi ne guda biyu. Da wace kyamara kake ɗauka? Awa nawa kuke samun wuta a unguwarku? Mutum ya zo neman a ce masa "saya" ko "kada ka saya", an ɓige da yi masa tambayar NEPA. To amma a kan waɗannan biyun zaɓin yake tsaye. Sitikar da aka manna a jikin kwamfuta ita ce ta ƙarshe a jerin abin dubawa.

Bari mu fara kawar da maganar i7, don ta cinye kuɗin mutane da yawa. Sunan i7 na firosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma mataki ne a cikin zubin shekara guda, ba ya nuna ƙarfi idan shekarun sun bambanta. Lambar da ke bin bayansa ita ce take magana. i7-4770 zubi na huɗu ne, na 2013, kawunan aikinsa, wato sassan da ke raba aiki a tsakaninsu, huɗu ne. i5-8500 zubi na takwas ne, na 2018, kawunansa shida. Har i3-12100 na 2022, wanda mai shago zai ji kunyar tallata maka shi, ya fi wancan tsohon i7 sauri nesa ba kusa ba. A laftof kuma akwai harafin ƙarshe. U na nufin firosesa mai tsimin batir, wat 15, an yi shi don rubutu da intanet. H na nufin mai wat 45, wanda aka yi don aiki mai nauyi. i7-8550U da i7-8750H duk "i7 janareshon na takwas" ne a bakin ɗan kasuwa, amma na farko kawuna huɗu ne da ke sanyaya gwiwa da zarar sun ji zafi, na biyu kawuna shida ne da fankoki biyu a bayansu.

Fayil ɗin kyamararka shi ne alƙali

Bidiyon da ke fitowa daga kyamara ko waya a matse yake, kamar kayan da aka danne a buhu. Kafin ka ga hoto ɗaya a allo sai kwamfuta ta kwance shi, kuma sau 25 ko 30 ko 60 take yin haka a kowace daƙiƙa. Salon matsewa biyu ne suka cika kasuwarmu: H.264, tsohon hannu mai sauƙin kwancewa, da H.265 da ake kira HEVC, wanda ya fi rage girman fayil amma ya fi wahalar da na'ura. Idan a cikin kwamfutar akwai ɓangare na musamman da aka gina don kwance irin fayil ɗinka, aiki zai tafi sumul ko da firosesar ba wata babba ba ce. Idan babu, firosesar ce za ta ɗauki nauyin ita kaɗai, fanka ta yi ta kuka, bidiyo yana tsalle-tsalle, kai kuma kana zargin manhaja.

A firosesar Intel wannan ɓangare sunansa Quick Sync, yana nan tun 2011, kuma kowane zubi ana ƙara masa irin fayil ɗin da yake ganewa. Daga zubi na bakwai ya iya HEVC mai bit 10, irin wanda iPhone 12 da na bayanta suke ɗauka idan an kunna HDR. Daga zubi na sha ɗaya ya iya HEVC mai bit 10 na 4:2:2 mai ƙarin bayanan launi, wato fayil ɗin da Canon R5 da R6 suke bayarwa idan ka kunna saitin launinsu na C-Log, da wanda Sony A7 IV take bayarwa a wani saitin nata. Wannan fayil na ƙarshe shi ne mai ba da mamaki: katin NVIDIA na jerin RTX 30 da RTX 40, duk tsadarsa, ba ya kwance shi, sai a jerin RTX 50 na 2025 aka saka masa. Firosesar Apple ta jerin M kuwa tana kwance shi tun daga M1.

Ke nan idan Canon 6D ko 5D Mark III ko 80D ce a hannunka, 1080p kake ɗauka a H.264, kusan duk kwamfutar da zan ambata a ƙasa za ta ɗauke ka. Idan Sony A7 III ce, 4K ɗinta bit 8 ne, shi ma bai da rigima sosai. Amma wanda ya tara kuɗi ya sayi R6, sannan ya je ya ɗauko kwamfutar zubi na takwas, ya haɗa wa kansa aure marar jituwa. Zai iya aiki, amma sai ta hanyar firoksi, wato ya sa manhaja ta yi wa kowane fayil ƙaramin kwafi mai sauƙi, ya yi yanke-yankensa a kan kwafin, sai lokacin fitar da aiki ta koma kan na asali. Premiere Pro da DaVinci Resolve duk suna yin haka. Dabara ce mai kyau, illarta lokaci: ka dawo daga dina ƙarfe ɗaya na dare, sai ka bar kwamfuta tana juya fayil har asuba, idan wuta ta bari.

Destof ɗin ofis na gwanjo

Wannan ita ce ƙofa mafi araha, kuma na fi son in tura mai farawa nan fiye da in bar shi ya ci bashi. Kamfanonin Turai da Amurka suna sauya kwamfutocin ofis bayan 'yan shekaru, su kuma su biyo jirgi su sauka a Computer Village ta Ikeja, daga nan su watsu zuwa Kano da Kaduna da Abuja. Dell OptiPlex 7060 da 7070, HP EliteDesk 800 G4 da G5, Lenovo ThinkCentre na tsararsu: waɗannan an ƙera su ne don su yi shekaru a kunne, kuma yawancinsu ba su taɓa yin aikin da ya wuce Excel ba. Mai i5-8500 ko i7-8700, ka ƙara mata RAM, wato ma'ajiyar aikin da ake kan yi, ta kai GB 16 ko 32, ka sa SSD, wato faifan ajiya mai sauri, ta gama da Photoshop da Lightroom da bidiyon 1080p ba tare da gardama ba.

Kada ka sauka ƙasa da zubi na takwas, komai arahar da aka yi maka. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas take farawa a ɓangaren Intel, daga Ryzen 2000 a ɓangaren AMD. Za a ce maka ai ana tursasa ta ta hau. Ana yi, amma injin da kake cin abinci da shi ba wurin gwaje-gwaje ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen katin hoto, abin da ake kira girafik kad. Akwatin ofis iri biyu ne a kasuwa: siriri da dogo. Siririn ba ya karɓar kati sai gajere, kuma na'urar rarraba wutarsa ba ta wuce wat 200 zuwa 250, ga filoginta na kamfanin ne kaɗai, ba ka iya cire ta ka sa ta kasuwa cikin sauƙi. Sai dai ka nemi katin da ke shan wutarsa daga ramin madabod, wato babban allon da ake dasa duk kayan kwamfuta a kai, wanda iyakarsa wat 75: GTX 1650 mai GB 4, ko RTX 3050 mai GB 6. A nan hanyar ta ƙare, babu gaba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan za ka saya, nemi dogon akwati, ya fi iska, ya fi karɓar kati.

Akwai 'yar'uwarta da ke ruɗar ido, wato manyan injinan aiki irin su HP Z440 da Dell Precision T5810 masu firosesar Xeon. Ni kaina na faɗa wannan ramin. Na ga akwati kamar firji, aka ce mini kawuna goma sha biyu, RAM kuma araha kamar ƙasa, na biya ina murna. Da na sa mata bidiyon waya mai HEVC sai ta riƙa tafiyar hawainiya, domin waɗannan Xeon ɗin ba su da Quick Sync, kowane kai nasu a kan kansa ba shi da sauri, kuma Windows 11 ba ta san da zamansu ba. Wutar da take sha kuwa, inbata ce ta fara kai ƙara. Ban yi wata huɗu da ita ba na sayar da asara.

Laftof mai harafin H

Mai ɗaukar biki ba a shago yake kwana ba. Yau kamu a Kano, gobe ɗaurin aure a Zariya, jibi walima a Katsina, kuma amarya tana son gajeren bidiyon da za ta ɗora a Instagram kafin baƙi su watse. Ga irin wannan mutum laftof ba ado ba ne. Kuma tana da wani alheri da ba a cika lissafawa ba: batirinta shi ne UPS ɗinta. An ɗauke wuta kana tsakiyar renda, wato fitar da bidiyon da ka gama tacewa, ba abin da ya lalace.

A gwanjo iri biyu ne suka cancanci kallo. Akwai na ma'aikata: Dell Precision 5530 da 5540, XPS 15 na tsararsu, HP ZBook 15 G5 da G6, Lenovo ThinkPad P52, P53 da P1. Akwai na 'yan gem: Lenovo Legion 5, Acer Nitro 5, HP Victus, ASUS TUF. A kuɗi ɗaya, na 'yan gem sun fi ba da katin hoto mai ƙarfi da firosesa sabuwa. Na ma'aikata sun fi ƙwarin jiki, kuma galibi sun fi kyawun allo.

Maganar allon nan ba ƙarama ba ce. Masu arahar cikin laftof ɗin gem sukan zo da allon da aka rubuta masa 45% NTSC, wanda ko kashi biyu cikin uku na launukan sRGB, ma'aunin launin da hotunan intanet suke bi, ba ya cikawa. A irin wannan allo jan leshi yakan koma kamar ruwan bulo, kai kuma sai ka yi ta ƙara masa kala don ya yi maka daidai a ido. Hoto ya isa wayar amarya, fuskarta ta koma kamar an shafa mata manja. Abin da za ka nema shi ne 100% sRGB ko 72% NTSC. Idan laftof ɗin ta yi maka ta kowace fuska ban da allo, saya, amma ka sa kuɗin monita a lissafi.

Abin da laftof ke karɓa a madadin wannan 'yanci yana da yawa. Katin hotonta a like yake, ba a sauyawa, firosesa ma haka. RTX 3060 na laftof GB 6 ne, na destof GB 12, suna ɗaya hali daban. Idan ka cire caja ƙarfinta raguwa yake, batirin gwanjo kuma da wuya ya kai ka awa biyu a aikin bidiyo. Sai zafi. A watan Afrilu, ɗakin da babu AC a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, siririyar laftof irin XPS tana kaiwa iyakar zafinta cikin mintuna, ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Masu kaurin jiki irin Legion da ZBook sun fi haƙuri. Kuma ranar da madabod ɗin laftof ya mutu, sau da yawa kuɗin gyara yakan kusa kuɗin wata.

Haɗin hannu

Idan kana da shago, kana da wutar da za ka dogara da ita, babu abin da ya kai ka sayi kayan ɗaya bayan ɗaya a haɗa maka. Kowace naira tana tafiya inda ka ga dama, abin da ya lalace shi kaɗai za ka cire, kuma injin yana girma tare da sana'arka.

Hanya biyu ce a matakin araha. Ta AMD: Ryzen 5 5600 a kan madabod B550. Ta Intel: i5-12400 a kan B660 ko B760 mai karɓar DDR4. Duka biyun na 2022 ne, kawuna shida, wat 65, kuma a yawancin aiki kunnen doki suke. Ga ɗan gem, duk wadda ta fi araha. Ga mai tace bidiyo, Intel nake zaɓa, saboda Quick Sync ɗin da ke cikin 12400 yana kwance fayilolin Canon da Sony na zamani, Ryzen 5600 kuwa ba shi da ɓangaren hoto ko kaɗan. Sai dai a kula da tarko guda: akwai i5-12400F. Harafin F na nufin an kashe ɓangaren hoton, Quick Sync ya tafi tare da shi. Ya fi araha da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, masu haɗa injin gem suna son sa, kuma shi za a fara miƙo maka. Ka ce marar F kake so. Bayan an haɗa, a shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, a tabbatar ɓangaren hoton firosesar yana kunne tare da katin, domin wasu madabod suna kashe shi da zarar sun ga kati.

A katin hoto, yawan ma'ajiyarsa ya fi damun mai bidiyo fiye da saurinsa a gem. Shi ya sa RTX 3060 mai GB 12, na 2021, har yanzu yake da daraja a wajenmu, musamman a DaVinci Resolve da ke jibga wa kati aikin gyaran kala da goge dusar hoto. RTX 4060 ya fi shi sabunta, wat 115 yake sha maimakon 170, amma GB 8 ne. Mai aiki da sola zai iya fifita shi saboda wannan tsimin. Intel Arc B580 ya fito a Disambar 2024 da GB 12 a kan dala 249, yana kwance har 4:2:2, sai dai masu gyara a nan ba su saba da shi ba kamar NVIDIA. Mai hoto zalla ba ya buƙatar babban kati, in ban da abu ɗaya: Denoise ɗin da Adobe ya saka wa Lightroom a 2023, wanda ke wanke hotunan dina da aka ɗauka cikin duhu. A kan kati mai kyau daƙiƙoƙi ne, a kan kwamfutar da ba ta da kati kowane hoto sai ka sha shayi ka dawo.

Katin gwanjo yana son bincike. Da yawa sun yi shekaru suna haƙar kirifto dare da rana kafin Ethereum ya daina amfani da haƙa a Satumbar 2022, aka zubo su kasuwa. Akwai kuma na jabu, tsohon kati da aka sauya wa suna. Manhajar GPU-Z tana tona asirin mafi yawansu.

Wurin da ba a yin rowa shi ne na'urar rarraba wuta, fawa saflai. Wadda ke zuwa kyauta a cikin akwati mai araha, marar nauyi kamar gwangwanin madara, cire ta. Nemi wat 550 ko 650 mai shaidar 80 Plus Bronze daga kamfanin da aka sani, irin su Corsair, Seasonic ko Cooler Master. A ƙasar da wuta ke dawowa da ƙarfi kamar an koro ta, wannan na'urar ce ke tsakanin NEPA da duk dukiyar da ke cikin akwatin.

Illar haɗin hannu a yanzu farashi ne. Komai da dala ake shigo da shi, naira kuma tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta faɗi, dala ɗaya ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024. Sannan a ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya saboda manyan kamfanonin AI suna kwashewa. Wannan ya ƙara wa gwanjon da ya zo da RAM ɗinsa a ciki daraja.

Mac mini, da lissafin batir

Da a ce shekarun baya ne, sanya Apple a maganar araha abin dariya ne. M1 ta sauya wannan a Nuwambar 2020. Mac mini mai M4, ta ƙarshen 2024, ta fito a kan dala 599 da RAM GB 16, kuma a tace bidiyo tana gogayya da injinan da suka fi ta tsada. Amma abin da ya sa na kawo ta nan ba saurinta ba ne, cikinta ne. A ƙididdigar Apple, wat 4 take sha idan tana zaune, 65 idan ta kai maƙura. Ta M1 ma ba ta wuce 39.

Mu yi lissafi. Batirin inbata na volt 12 mai 200Ah yana ɗauke da wajen wat-awa 2,400 a takarda. Idan irin na ruwa ne, rabi ake sha in ana son ya daɗe, inbata ma ta ci nata, abin da ya rage kusan 1,000 ne. Destof ɗin haɗin hannu da katinsa da monita, yana cikin aiki, ka ce wat 250: awa huɗu ke nan. Mac mini da monita, ka ce wat 60: ya haura awa goma sha biyar. A mita bambancin ba wani abu ba ne, ko a layin Band A da aka kai kuɗinsa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, destof ɗin yunit biyu zai sha a awa takwas. Inda bambancin yake cizo shi ne yawan batir da farantan sola da za ka saya, ko litar fetur da za ka zuba wa janareta tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Mutum yakan yi murnar ya rage kuɗi a kan kwamfuta, ya je ya ninka shi a wajen mai sola.

To amma Apple ba ta ba da komai kyauta. RAM ɗinta a like yake, abin da ka saya da shi za ka mutu. Shi ya sa M1 mai GB 8, wadda ta cika kasuwar gwanjo, sai dai in ce ta yi wa mai CapCut da gajerun bidiyo da hoto jefi-jefi. Mai buɗe Premiere da Photoshop a lokaci guda zai ji ta tana nishi. Ma'ajiyar GB 256 ta ƙaramar M4 kuwa biki ɗaya ya cika ta, dole ka sayi SSD ta waje. MacBook Air mai firosesar M ba ta da fanka ko ɗaya, Apple kuma ta ce a yi amfani da ita a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu da bazararmu ke haura 40. Mai son laftof ɗin Apple don dogon aiki ya duba MacBook Pro mai M1 Pro ta 2021: GB 16, fankoki, ramin katin kyamara, da allon da ba sai ka nemi monita ba. Tsofaffin MacBook masu firosesar Intel kuwa, duk kyawun jikinsu, a bar su. Apple ta riga ta ce macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau kansu.

Sai zaman tare da abokan sana'a. Yawancinsu Windows suke amfani da ita, kuma faifan da aka tsara a NTFS, tsarin Windows, Mac tana karanta shi amma ba ta rubutu a kai. A mayar da faifan musayar aiki exFAT, tsarin da duka biyun suke rubutu a kai, kowa ya huta. Masu gyaran Mac ma ba su kai na Windows yawa ba, musamman idan ka bar manyan birane.

Abin da bai canzawa ko wacce ka ɗauka

RAM: Adobe da kansa GB 16 yake ba da shawara ga 1080p, 32 ga 4K. Sanda biyu masu GB 8 sun fi ɗaya mai 16 gudu.

Ma'ajiya ta fi ba mutane mamaki. Bidiyon 4K na A7 III a megabit 100 yana cin kusan GB 45 a awa. Kyamara biyu, yinin biki da dina, ga hotunan RAW masu MB 25 zuwa 30 kowanne, ka ga inda aka dosa. Windows da manhajoji da aikin da ke hannu su zauna a SSD. Ta SATA tana kai MB 550 a daƙiƙa, NVMe ta zubi na uku wajen 3,500, tsohon faifai mai juyi kuwa da ƙyar yake haura 150. Shi faifai mai juyin a bar masa ajiyar aikin da aka gama, kuma a yi kwafi biyu a wuri biyu. Fim za a iya sake ɗauka, ɗaurin aure ba a maimaitawa.

Monita: IPS mai inci 24 da ke cika sRGB. Dell UltraSharp na gwanjo irin U2415 da U2419H sun wadatar, ko ASUS ProArt PA248QV ga mai son sabuwa. Talabijin ba monita ba ce, ƙarya take yi a kala don ta burge mai kallo.

Manhaja ma tana da hannu a zaɓin. CapCut ba ta da nauyi. Premiere tana son RAM da Quick Sync. Resolve tana son kati, kuma ta kyautar tana fitar da har 4K, sai dai a Windows takan ƙi wasu fayilolin bit 10 sai an sayi Studio, dala 295 biya ɗaya. Affinity, kishiyar Photoshop, ta zama kyauta tun Oktoban 2025. Na ambaci waɗannan ne saboda na ga abin da manhajar sata ta yi wa wani abokin aiki: ƙwayar cutar da ta biyo ta ta kulle masa bukukuwa uku da bai miƙa ba.

Ga mai destof, inbata ta zama mai tsaftatacciyar wuta irin ta sain-web, domin fawa saflai na zamani ba sa shiri da mai arahar nan mai sa fanka gurnani. A ɗaga akwati daga ƙasa, a hure shi da bulowa duk wata a lokacin hunturu. Ƙurar Disamba tana toshe fanka kamar auduga.

To wacce?

Mai farawa, mai hoton situdiyo da bidiyon 1080p, wanda kuɗinsa bai taka kara ba: dogon destof ɗin ofis, zubi na takwas ko sama, GB 16, SSD, monitar IPS. Kati ya biyo baya idan aiki ya kawo kuɗi. Mai yawon biki gari-gari: laftof mai H, kuma idan kyamararsa ta zamani ce, zubi na sha ɗaya ko sama, ko M1 Pro in aljihu ya kai. Mai shago da wuta tsayayya, wanda ke aikin Resolve ko After Effects, yana kuma son ya riƙa ƙara kaya a hankali: haɗin hannu da 12400 marar F. Mai shagon da sola ce uwa ita ce uba, ba ya yawo da injinsa: Mac mini mai GB 16. Da a ce yau zan fara daga farko a unguwar da nake, ita zan ɗauka, in sa ragowar kuɗin a monita da faifan ajiya biyu.

Ranar saye kada ka je hannu rabbana. Ka tafi da filas ɗauke da fayil na ainihi daga kyamararka, mafi nauyin da kake da shi, da CrystalDiskInfo da CPU-Z da HWMonitor. Na farko zai gaya maka awa nawa faifan ya yi yana aiki da lafiyarsa, na biyu zai tabbatar firosesar da aka faɗa ita ce a ciki, na uku zai nuna zafi. A laftof ɗin Windows, rubuta powercfg /batteryreport ka ga abin da ya rage na batir. Shiga BIOS ka tabbatar babu kalmar sirri. Idan Mac ce, a goge ta a gabanka, a haɗa ta da intanet, ka ga ta wuce matakin farko ba ta nemi asusun iCloud na wani ko izinin wani kamfani ba, domin mai irin wannan kulle ba ta da maraba da faranti. Sannan ka sa fayil ɗinka, ka ja shi gaba da baya, ka bar shi yana renda minti goma sha biyar kana kallon zafi. Ka nemi a rubuta maka kwanakin gwaji da lambar jikin na'urar a kan rasit. Mai shagon da ya ce ba shi da lokacin wannan, maƙwabcinsa yana da shi.